Sharhi: Kafin Ka Rufe Bakin Mai Gargaɗi



Maganar yau, da jin kanta wani zai ce ta 'yan kwamfuta ce, ya kai hannu zai murɗa rediyonsa. Dakata tukuna, Malam. In kana cire kuɗi wajen mai POS a kasuwar Kalgo, ko 'yarka ta yi rajistar makaranta ta waya, ko ƙungiyarku ta manoman shinkafa ta bar littafi ta koma kwamfuta, to akwai wanda ya zauna ya rubuta manhajar da ke riƙe da sunanka da kuɗinka. Kuma yanzu ba lallai ne ya kasance wani na Legas ko na Indiya ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ga ta nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza tana koyar da ilimin kwamfuta. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, ga kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga samari da 'yan mata da suka shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya daga 2023. 'Ya'yanmu ne, 'yan Gwandu da Dalijan da Kambaza, 'yan Diggi da Zuguru. Da su nake yau, da malamansu, da masu ba su aiki.

Mai rubuta manhaja umarni yake jerawa layi bayan layi, abin da suke kira kod. Sai kuma aka ƙera wasu manhajoji waɗanda ba su da aikin yi sai karanta wannan kod tun ba a kunna shi ba, su ja layi a ƙarƙashin duk inda suke zargin akwai ɓaraka. Kakansu shi ne Lint, wanda Stephen Johnson ya rubuta a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1978 domin harshen C. Yau jikokinsa sun cika duniya: ESLint na masu JavaScript, Pylint da Flake8 na masu Python, PHPStan na masu PHP, SonarQube na manyan kamfanoni, da wanda ke cikin Android Studio, wanda duk ɗalibin da ya taɓa haɗa manhajar waya ya san ɗorawar layinsa da jan layinsa. Bari mu kira kowannensu mai bincike, don sauƙin magana.

Matsalar ita ce mai binciken nan yana ƙarya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Zai ja layi a inda babu komai, ya ce nan za a faɗi, alhali hanya sumul take. Ka leƙa allon ɗalibi a lokacin haɗa furojek ɗin kammala karatu, za ka ga gargaɗi jere har ƙasa, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. In ka tambaye shi, amsar a bakinsa take: "Malam, wanga duk ƙarya na, abin yana aiki."

Me ya sa yake ƙarya? Ba sakacin maƙeransa ba ne kawai, lissafi ne ya ɗaure masa hannu. A 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar da cewa ba za a taɓa samun hanya guda da za ta duba kowace irin manhaja ta faɗa daidai ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyi har abada ba. A farkon shekarun 1950 wani Ba'amurke, Henry Rice, ya faɗaɗa hukuncin, ya nuna cewa duk wata tambaya mai nauyi kan abin da manhaja za ta aikata in an kunna ta, babu injin da zai amsa ta daidai a kan kowace manhaja. Don haka maƙeri hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sa na'urarsa ta yi ta magana, ta haɗa gaskiya da ƙarya, ko ya sa ta kame baki sai ta tabbatar, wasu manyan kurakurai su wuce ta gabanta. Shirun ma yana da nasa farashi. Ɓarakar nan da aka raɗa wa Heartbleed, wadda ta girgiza intanet a Afrilun 2014, tana cikin manhajar tsaro ta OpenSSL ne, kuma mai binciken kamfanin Coverity yana duba wannan manhaja a lokacin, bai ce uffan ba a kanta.

Ga misali daga gida. A ce wani yaro ya rubuta wa ƙungiyar manoman garinsu manhajar rabon taki: buhu kaza, a raba wa mambobi kaza. Mai bincike ya ja layi, ya ce idan adadin mambobi sifili ne fa? Raba lamba da sifili yana iya tsayar da manhaja cak. Shi kuwa yaron ya san cewa a wani fayil daban ya riga ya hana buɗe shafin rabo sai an yi wa aƙalla mutum ɗaya rajista. Mai binciken bai bi sawu har can ba. Yaron yana da gaskiya, gargaɗin na ƙarya ne. Amma na ƙarya ne yau. Damina mai zuwa wani zai gaji aikin, sakataren ƙungiya ya ce a ƙara masa maɓallin goge duk sunaye a fara sabuwar rajista, sai ga sifilin da aka ce ba zai taɓa zuwa ba ya iso. Ku riƙe wannan misali, za mu sake bi ta kansa.

Kada a ɗauka na zo ne in kare na'ura in zargi yara. Ƙorafinsu yana kan hanya, kuma manyan kamfanonin duniya sun sha wannan ɗaci kafin su. Mutanen Coverity, waɗanda aikinsu ya samo asali daga Jami'ar Stanford ƙarƙashin Dawson Engler, sun rubuta a 2010 cewa da zarar gargaɗin ƙarya ya haura kashi 30 cikin ɗari, mutane kan yi watsi da mai binciken gaba ɗaya, na gaskiyar ma su nutse a cikin na ƙarya. Shi ya sa suke ƙoƙarin tsayawa ƙasa da kashi 20. A 2009 kamfanin Google ya ware lokaci na musamman don injiniyoyinsa su bi gargaɗin wani mai bincike, FindBugs. Sun duba guda 3,954, waɗanda aka gyara 640 ne kacal, wato kashi 16 cikin ɗari. Daga baya, da suka gina nasu tsarin mai suna Tricorder, sai suka sa maɓalli a gefen kowane gargaɗi da injiniya zai danna ya ce wannan ba shi da amfani, suka kuma kafa doka: duk ƙa'idar binciken da ƙorafi a kanta ya wuce kashi 10 cikin ɗari, ko masu ita su gyara ta ko a kashe ta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yanke hukuncin mene ne ƙarya. A wurinsu, ko da gargaɗi gaskiya ne, muddin wanda aka yi wa bai fahimce shi ba har ya ɗauki mataki, a cikin na ƙarya suke lissafa shi. Wato sun ɗora nauyin a kan mai magana, ba a kan mai saurare ba.

Facebook kuma wani darasi suka koya, na lokaci. Mai bincikensu, Infer, da farko da dare ake sakinsa ya duba komai, da safe a raba wa injiniyoyi jerin kurakurai. Kusan babu wanda ya gyara ko ɗaya. Da aka mayar da shi yana magana a daidai lokacin da mutum ya miƙa sabon rubutunsa don a duba, gyara ya haura kashi 70 cikin ɗari. Na'urar ba ta canza ba, lokacin maganarta ne ya canza. Mutum yana gyara abin da ke hannunsa yanzu, ba abin da ya rubuta wata shida da suka wuce ba.

Mu kuma nan muna da namu irin gargaɗin ƙarya da ba ya damun ɗan Landan. Ka rubuta manhaja da Hausa, ka sa wa maɓalli suna "Shiga" ko "Biya kuɗi", mai duba rubutu zai ja layi ƙarƙashin kowace kalma ya ce ka yi kuskuren harafi, don ƙamus ɗinsa na Turanci ne. Na Ajami da Larabci ya fi wannan. A Nuwamban 2021 wasu masana biyu na Jami'ar Kambirij, Nicholas Boucher da Ross Anderson, sun nuna cewa mugu zai iya amfani da ɓoyayyun alamomin da ke juya rubutu daga dama zuwa hagu ya ɓoye umarni a cikin kod, mutum ya karanta abu ɗaya, inji ya aikata wani. Tun daga nan GitHub da VS Code da wasu masu bincike suka fara ɗaga murya in sun ga irin waɗannan alamomi. To ɗalibin da ke haɗa manhajar karanta littattafan malamanmu, inda Larabci da boko ke haɗuwa a layi guda, yana iya cin karo da wannan gargaɗi ba tare da ya yi laifin komai ba. Maganin waɗannan mai sauƙi ne. A tara kalmomin Hausa a ƙamus ɗin aikin, a kwashe rubutun da mutane za su karanta a zuba shi a fayil ɗinsa na daban, a gaya wa mai bincike cewa wannan fayil na harshe ne, ba umarni ba ne. Abin da ba a yi shi ne a fusata a kashe binciken gaba ɗaya, don ranar da wani ya turo maka kod daga waje da ɓoyayyen abu a ciki, babu mai tsare maka ƙofa.

Yanzu ga inda nake son mu ɗan zauna, wato gargaɗin da ake kira ƙarya alhali gaskiya ce tsagwaronta.

Wanda ya fi shahara shi ne na rumbun bayanai. Ɗalibi ya rubuta shafin rajista, ya ɗauki sunan da mutum ya shigar ya manna shi kai tsaye a cikin umarnin SQL da zai aika wa rumbu. Mai bincike ya ja jan layi, ya ce ta nan ɓarawo zai iya cusa nasa umarnin. Ɗalibi ya yi dariya: wane ɓarawo ne zai bar bankunan Abuja ya zo kan furojek ɗina? Ya rufe bakin gargaɗin. Ya gwada da Musa, ya shiga. Ya gwada da Hauwa, ta shiga. Ran da aka fara aiki da shi, Asma'u ta zo rajista, shafi ya watse. Dalili kuwa, ɗan waƙafin saman nan da ke tsakanin a da u a sunanta, a harshen SQL shi ne alamar cewa magana ta ƙare. Rumbu ya karanta Asma, ya ga alamar rufewa, ya ga wani u a tsaye shi kaɗai ba ma'ana, ya ƙi umarnin. Haka zai yi wa Sa'adu da Rabi'u da Shu'aibu da Mas'udu da Sa'idatu. A ƙasar da ake sa wa 'ya'ya sunan Nana Asma'u 'yar Shehu, ba ka buƙatar ɓarawo kafin wannan rami ya buɗe, maƙwabciyarka ta isa. Kuma ramin da sunanta ya faɗa, shi ne dai wanda ɓarawo zai bi ya kwashe rumbun duka. Ƙungiyar OWASP, mai jera manyan haɗurran manhajojin intanet, ta sa wannan nau'in ɓaraka a lamba ta ɗaya a jerinta na 2010 da 2013 da 2017, a na 2021 kuma yana lamba ta uku.

Gyaran gaskiya ba ya cin minti goma. A rubuta umarnin da gurbi a cikinsa, a miƙa sunan daban, rumbu ya san wannan bayani ne, wancan umarni ne. Duk harsunan da ake koyarwa suna da wannan hanya. Amma sau nawa muka ga gyaran ganganci, inda ake hana mutane sa waƙafin a sunansu? Sai Asma'u ta koma Asmau a takarda ɗaya, tana Asma'u a wata, wata rana a ce mata sunayenta ba su yi daidai ba, ta je kotu ta yi rantsuwa. Ragwancin mai rubutu ne, amma ita ke biyan kuɗin mota da na takarda.

Na biyu shi ne na lambobi. Lambar NIN tana da alƙaluma 11, haka ma BVN, haka lambar wayarka. Gurbin da aka saba zuba lamba a cikinsa a harsuna da yawa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, wato alƙaluma 10. Mai bincike zai ce kana tura babbar lamba cikin ƙaramin gurbi. Mai rubutu ya tilasta mata shiga don layin ya ɓace. Sakamako, lamba ta gurɓace, ko kuma a wasu saitunan rumbun MySQL kowa ya tashi da lamba iri ɗaya, wannan babbar da na karanto. Sifilin farko na lambar waya kuwa tuni ya zube. Waɗannan ba lambobin lissafi ba ne, ba wanda zai tara NIN ɗinsa da na matarsa. Sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma, a matsayin rubutu ake ajiye su. Mai binciken bai san NIN ba, amma ya hango abin da zai faru da ita.

Sai mafi muni, wanda ke taɓa kod mai lafiya don kawai na'ura ta yi shiru. Duniya ta ga misalinsa, kuma ba ɗalibi ne ya yi ba, ƙwararre ne mai kyakkyawar niyya. A 2006 wani daga cikin masu kula da tsarin Debian, ɗaya daga manyan rassan Linux, ya gaji da kukan da Valgrind ke yi a kan OpenSSL. Shi Valgrind ɗan uwan waɗanda muke magana ne, bambancinsa shi ne yana duba manhaja tana cikin gudu. Kukansa shi ne ana karanta wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a zuba komai a ciki ba. Marubutan OpenSSL kuwa da gangan suka yi haka, suna haɗa tarkace daga ko'ina su gauraya don makullin sirrin da za a ƙera ya zama ba mai iya cinkarsa. Mutumin nan ya ga layi biyu masu kama da juna kamar tagwaye, ya cire su duka. Ɗaya babu laifi a cire shi, marubutan asali ma sun yi masa alama. Ɗayan kuwa ta nan ne kusan duk abin gaurayawar ke shiga tukunya. Gargaɗi ya ɓace, komai ya ci gaba da aiki kamar da, ba wanda ya ga canji. Abin da ya rage ana dogaro da shi wajen ƙera makulli shi ne lambar da kwamfuta ke bai wa kowane aiki, ita kuwa a lokacin ba ta wuce 32,768 ba. Wato maimakon makullan da ba sa ƙirguwa, kowane iri ya koma 'yan dubbai da ɓarawo zai jera ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Haka aka zauna daga Satumban 2006 har Mayun 2008, lokacin da wani ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano. Abin ya shafi tsarin Ubuntu ma, kuma duk makullin da aka ƙera a waɗannan tsare-tsare cikin wannan lokaci sai da aka zubar aka sake sabo. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Abin takaicin, shi Valgrind yana da fayil na musamman da ake rubuta masa cewa kukan nan mun ji, mun san da shi, bar shi. Da nan aka bi, da ba a taɓa kod ɗin ba sam.

To yaya ake yi? Ni a ganina mutanen Gwandu ba sa buƙatar a koya musu wannan daga waje. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubutu, mai Liya'ut Ta'wili da Liya'ul Hukkami, inda hubbarensa yake har yau, gari ne da littafi ke yaɗuwa ta hannun masu kwafa. Su kuwa masu kwafa a duniyar Musulunci sun daɗe da ƙa'ida kan kalmar da ta yi kama da kuskure. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya yi bayaninta a littafinsa Al'ilma'u, Ibnus Salahi ma ya yi a Muƙaddimarsa. In mai kwafa ya ci karo da kalmar da ido zai zarga, ya koma ga asali ya gwada ya ga daidai take, ba ya wucewa haka nan, sai ya rubuta "sahha" a kanta, don na bayansa ya san an duba an tabbatar. In kuma haka ta zo a asali amma shi yana ganin akwai rauni, ba ya kankare ta ya sa tasa, sai ya ɗora mata wata 'yar alama mai kama da harafin sadi, ya bar ta, ko Allah zai kawo wanda ya fi shi sani. Malaman sun yi kashedi da mai saurin gyara, don sau da yawa abin da ya gyara shi ne daidai. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu a zauren malami ya ga "sahha" a gefen shafi, inda aka cike abin da ya faɗi.

Aikin ke nan, babu ƙari. Da farko ka koma ga asali. Kada ka ce gargaɗi ƙarya ne sai ka iya faɗa wa abokin aikinka, da baki, a jimla biyu, dalilin da ya sa abin da ake tsoro ba zai faru ba. In ka fara da "ai na gwada yana aiki", ba ka kawo hujja ba, Musa da Hauwa kawai ka gwada. In ka tabbatar ƙarya ne, tambaya ta gaba ita ce ko za a iya sake rubutun ya fito fili ba tare da an canza aikinsa ba. Yaron nan mai rabon taki, layi ɗaya zai ƙara a daidai wurin rabon: in babu mamba, a tsaya a faɗa. Mai bincike ya yi shiru, magajinsa na baɗi ya tsira. Sau da yawa abin da ya rikita na'ura zai rikita mutum ma, don haka wannan hanya ita na fi so.

In hakan ba ta yiwu ba, sai a rufe bakin, amma da ladabi. Kowane mai bincike yana da kalmarsa: noqa a Flake8, NOLINT a clang-tidy, eslint-disable-next-line a ESLint, SuppressWarnings a Java. A rufe layi ɗaya, ba fayil duka ba. A ambaci sunan ƙa'idar da ake rufewa, don in ka rubuta noqa tsirara, ka toshe bakin kowane gargaɗi da zai taɓa zuwa kan wannan layi, har wanda ba a haifa ba tukuna. Haka NOSONAR na SonarQube yake, shi ya sa ba na ƙaunarsa. Sannan a rubuta dalili a gefe, da Hausa ma in ita abokan aikinka ke ji: an duba wannan a wuri kaza, ba zai zo fanko ba. Wani kuma ya karanta ya yarda kafin a haɗa da sauran aiki. Lokaci-lokaci a bi a share waɗanda suka tsufa, ESLint ma yana iya nuna maka rufe-bakin da ba ya rufe komai yanzu.

Wanda ya gaji tsohon aiki mai gargaɗi dubu kuwa, kada ya ce zai share su a mako guda, ta nan ake yin irin ta Debian. PHPStan da mai binciken Android suna ba da damar a rubuta duk tsofaffin a fayil guda a ajiye gefe, daga yau sabon rubutu kawai za a riƙa tsanantawa, tsofaffin a riƙa rage su a hankali, a fara da na tsaro. PHPStan ma yana da matakai daga 0 mai sassauci zuwa 10 mai tsanani, ba dole ka fara daga sama ba. In kuwa ƙa'ida ce ke ƙarya a kai a kai, ka haɗa ɗan gajeren misali ka aika wa masu manhajar. Yawancinsu kyauta ne, a buɗe suke, da irin wannan rahoto suke gyaruwa. Ba za su san abin da ƙa'idarsu ke yi wa Hausa da Ajami ba sai mai Hausa da Ajami ya faɗa musu.

Wata 'yar magana a gefe kan ChatGPT da 'yan uwansa, tunda yanzu su ne abokan hirar kowane ɗalibi. In ka manna masa gargaɗi ka ce ya kawar maka da shi, abin da ka roƙa zai iya ba ka, wato layin rufe baki. Ka tambaye shi me gargaɗin ke tsoro, kuma a wane hali zai zama gaskiya. Amsar wannan ce ke da amfani, ita ma sai ka gwada ta da kanka.

Laifin da nake gani ya fi na ɗalibai girma shi ne na masu neman allo fes. Malami ko shugaban aiki da ya ce "kada in ga gargaɗi ko ɗaya", bai kuma tambayi yadda aka yi suka ɓace ba, shi ya koya wa yara rufe baki. Sifilin gargaɗi ba shaida ba ce ta komai, minti biyar ya isa a samar da shi.

Don haka ga roƙona ga malamanmu masu duba furojek a Kalgo da Aliero da Birnin Kebbi. Ranar kare aiki, ku sa ɗalibi ya buɗe kod ɗinsa ya nemo duk inda ya rubuta noqa ko eslint-disable ko SuppressWarnings, ku zaɓi uku ya yi bayaninsu a tsaye. Sannan ku karɓi allon ku rubuta Asma'u a gurbin suna, ku sa lamba mai alƙaluma 11 a gurbin NIN, ku ga abin da zai fito. Ku kuma shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin manoma da na ƙananan hukumomi masu ba da kwangilar manhaja, ku sani dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a wuyan wanda ya tara su, wato ku. Ku sa a cikin yarjejeniya cewa ɗan kwangila zai miƙa rahoton mai bincike tare da jerin duk gargaɗin da ya rufe da dalilin kowanne, ku samo wanda ya iya ya karanta muku kafin ku biya kuɗin ƙarshe. Wanda ya ƙi kawo wannan jeri, kada ku sa masa hannu.